Uwar Tsutsa

Yayata ta kwashe rabin rayuwarta tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma duk wanda ya taɓa toshe hanci a gabanta ban yafe masa ba har yau. Ita ta yafe tuntuni, yafiya dama kamar sana'arta ce ta biyu. Ni tela ce, da almakashi nake wuni, kuma mutanen unguwa suna cewa bakina ya fi shi kaifi. Ban musa ba.

Garinmu yana bakin teku. Bayan gidajen ƙarshe akwai wani fili na baƙin taɓo wanda ruwa yake rufewa ya kuma janye, idan ya janye sai wari ya taso ya cika unguwa. Tun muna yara kowa yake gudun wurin, ban da Yaya. Ita can take zuwa ta tona, ta dawo da laka har gwiwa da jajayen tsutsotsi a cikin gwangwani. Inna ta yi faɗa, ta yi duka, ta gaji ta koma addu'a. Yarinya ta girma, ta yi karatu har inda karatu ya ƙare, sai ga shi an ɗauke ta aiki a cibiyar binciken halittun ruwa da ke ƙarshen gari, ana biyan ta albashi don ta yi abin da aka sha zane ta a kansa.

Ta yi aure, auren bai daɗe ba. Mijin ya ce warin yana bin ta har kan matashin kai, ya ce ko abokansa ba ya iya kawowa gida. Ta tattara kayanta ta dawo wurin Inna ba tare da ta ɗaga murya ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a kan haka ne mutanen unguwa, da rashin ta-ido irin nasu, suka laƙaba mata Uwar Tsutsa. Ranar da na fara jin sunan a bakin wata mai kawo min ɗinki, na miƙa mata yadinta na ce ta nemi wata telar. Da na ba Yaya labari sai ta yi dariya, ta ce ai ba ƙarya suka yi ba. Daga baya har amsawa take yi. Wannan haƙurin nata ya fi zagin mutanen ba ni haushi.

Wata rana tana zaune a shagona tana jiran in rage mata hannun riga, na ce, “Yaya, don Allah me kike nema a jikin ƙazantar nan?”

Ta ce, “Kin san warin taɓon can guba ne? Salfaid muke ce masa. In ya yi yawa, ke da kike da girman nan zai kayar da ke. Amma tsutsar da ba ta kai ɗan yatsanki ba a ciki take kwana, a ciki take haihuwa.”

“To, ta saba ne.”

“Ba sabo kaɗai ba ne. A cikin ƙwayoyin gadonta akwai wata da take kamar mai gadi mai barci. Da gubar ta shigo sai ya farka, ya sa jikinta ya juya ta ta zama wani abu da ba ya cutarwa, ta fitar. In gubar ta tafi sai ya koma barci. Ni kuma ina son in san me yake tashinsa, da kuma abin da zai faru in ya daɗe bai ga ɓarawo ba.”

Na ce, “In mai gadin kasuwarmu ne, ko ɓarawon ya taka shi ba zai motsa ba.”

Ta ce, “Abin da nake zargi ke nan.”

Ga yadda ta tsara aikin. Ta ɗauki 'ya'yan tsutsa guda, ta raba su gida biyu. Rabi ta zuba su a tankunan gilashi masu baƙin taɓo da guba, kamar inda iyayensu suka taso. Rabi kuma ta sa su a farin yashi da ruwan teku mai tsabta, da ɗan inji yana hura musu iska. Suka haihu, 'ya'yansu suka haihu, jikoki suka haihu, kowane gida a wurinsa, ba a taɓa bari sun gauraya ba. Lokaci-lokaci takan ɗebi kaɗan daga kowane ɓangare, ta sa musu gubar, ta yanka su a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta auna ko mai gadin ya farka. Dole sai da masu rai, don ta ce ƙwayar ba ta farkawa a jikin mushe. Ta haura shekara goma a kan wannan. A ƙarshe-ƙarshen nan ta fara ganin na farin yashi suna nawa wurin farkawa, amma ta ƙi faɗa wa kowa a cibiyar. Ta ce sai an ƙara haihuwa ɗaya ko biyu kafin ta tabbatar, gara ta yi shiru da ta faɗi abin da za ta zo tana janyewa. Lokacin ritayarta kuma ya matso, ita ma ta san ba za ta sake samun wasu shekarun irin waɗannan ba.

Ana cikin haka aka kawo wa cibiyar sabon shugaba. Na gan shi sau ɗaya a lokacin, mutum ne wanda turarensa yake riga shi shiga ɗaki. Ya zo da fenti da tayil da labule. Ya zagaya ofisoshi, ya iso ɗakin Yaya, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci. Ya ce manyan baƙi suna zuwa daga waje, kuma ba zai yiwu cibiya ta riƙa wari kamar bayan mahauta ba. Ɗakin yana kallon teku, ya ce da shi za a yi wurin saukar baƙi. Yaya ta yi masa bayani a tsaye, yana duban agogo. Ya ce tsutsa ce fa, ga ta nan cike da bakin ruwa, a mayar da su, in ana bukata a sake tonowa.

Da ni ce, da sai an kira 'yan sanda. Yaya kuwa sai ta kira Auta, ƙaninmu, wanda yake tuƙa motar ɗaukar kaya, mutum mai iyali da tumbi amma har yau Auta. Suka yi ta jigilar tankunan a hankali kamar masu ɗauke da jariri, suka jera su a ɗakin baya na gidan Inna, inda muke ajiye tsofaffin katifu. Masu taɓo a bangon hagu kusa da taga, masu yashi a bangon dama. Ta sa fanka a tagar tana fitar da iska waje. Duk da haka warin ya shiga gidan ya zauna, har labulen falo ya ɗauka.

Inna ta tsufa amma hannunta bai san hutu ba. Mace ce da take wanke tukunya har ta ga fuskarta a ciki. Marainiya ta taso a gidan kawunta, inda ake zuba wa 'ya'yan gida abinci a kwano a bar mata ƙanzo a tukunya, kuma ba ta taɓa mantawa ba. Da farko faɗan wari ta yi ta yi. Daga baya muka lura ta daina faɗa, ta koma shiga ɗakin tana tsayawa a gaban gilashi.

Ta ce wa Yaya, “Waɗannan na dama 'yan gata ne, har da mai yi musu fifita. Waɗannan kuma me suka yi miki?”

Yaya ta ce, “Aiki ne, Inna.”

“Wane irin aiki ne a ajiye bawan Allah cikin ƙazanta? Ba ke kika ce uwarsu ɗaya ba?”

“Uwarsu ɗaya. Su a can suka fi jin daɗi.”

“Haka ake faɗa wa maraya kullum.”

Yaya ta yi dariya ta bar maganar. Tun daga ranar sunayensu suka zauna, 'yan gata da marayu, har mu ma muka ɗauka. Inna takan ce dabbar da ka tsare Allah zai tambaye ka ita, Yaya takan ce to, Inna. Wannan “to, Inna” ɗin ita ce ta kashe mu. Macen da take iya tsayawa gaban malamai ta yi bayani har su tafa, ta kasa zaunar da uwarta ta faɗa mata a fili cewa in aka haɗa su aikin ya mutu. Kunya take ji kada ta zama kamar tana koya wa Inna karatu.

Na ce mata, “Ki sa wa ɗakin nan kwado.”

Ta dube ni kamar na yi saɓo. “In rufe wa Inna ɗaki a gidanta?”

“To ki yi mata bayani.”

“Ta ji ai. Tsokana ce kawai take yi.”

Shekarun da ta yi tana leƙen madubi sun ci idonta, yanar ido ta rufe shi har ba ta iya ganin inda wuƙarta take sauka. Wata abokiyar karatunta da ke wata cibiyar ta yarda za ta ba ta ɗakin gwaji ta yi awon ƙarshe a can, amma dole sai da ido. Sai aka sa ranar yi mata aikin ido a babban asibiti na wani gari, ni zan tafi jinya. Kafin mu tashi ta nuna wa Inna yadda za ta barbaɗa musu abinci, ta nuna wa Auta jarkokin ruwan teku da iyakar inda zai ƙara in ruwa ya ja. Ta ce kada a taɓa komai bayan wannan. Inna ta ce ta tafi da kwanciyar hankali.

Aikin ya yi kyau. A asibiti ban taɓa ganin Yaya da fara'a irin ta kwanakin ba. Tana kwance da bandeji tana lissafa min abin da za ta fara yi, wane tanki za ta fara ɗiba, yadda za ta rubuta sakamakon. Har cewa ta yi in ɗinka mata sabuwar riga ta zuwa cibiyar abokiyar tata, rigar da ba ta taɓa shiga ɗakin baya ba.

Da hantsi muka dawo. Tana sanye da baƙin tabarau, ina riƙe da hannunta. Muna shiga ƙofar gida sai ta ja ta tsaya. Na ɗauka jiri ne.

Ta ce a hankali, “Ba na jin wari.”

Na shaƙa. Gidan yana ƙamshin sabulu da turare. Na juya na dubi wajen ɗakin baya.

Inna ta fito da murna, ta tare mu da barka, ta kama ɗayan hannun Yaya ta ce kafin ta zauna sai ta zo ta ga wani abu da sabon idonta. A tsakar gida tankunan hagu ne a kife a rana, an goge su tas suna ƙyalli. A ɗakin baya bangon hagu wayam. A dama an ture ƙananan tankunan gefe, su ma babu komai a ciki, an ajiye wani babban tanki da Yaya take tara ruwa a ciki, an shimfiɗa masa farin yashi, injin iska yana ta aiki. Tsutsotsi ne a ciki jawur, suna ta motsi.

Inna ta ce, “Kin gani? Da rariyar shayi na tsamo su, ɗaya bayan ɗaya, bayana har ya ƙage. Kuma ban sa musu ruwan famfo ba, na san ba sa so, na cikin jarka na yi amfani da shi. Na ce ido sabo ba ya son wari, su ma bayin Allah su huta. Na haɗa su da 'yan'uwansu.”

Yaya ta ce, “Duka?”

“Duka. Ko ɗaya bai mutu ba.”

“Taɓon fa?”

“Auta ya kai shi kwata.”

Auta yana tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Da na juya na dube shi sai ya ce, “Ni dai Inna ce ta ce.” Namiji da gemu, an gaya masa kada a taɓa, ya kwashi aikin shekaru a bokiti ya zuba a kwata saboda Inna ce ta ce. Na buɗe baki, kuma na san abin da zai fito ba zai komu ba. Sai na ji Yaya ta damƙe min wuyan hannu har farcenta ya shiga fatata.

Ta cire tabarau, abin da likita ya hana, ta sunkuya ta daɗe tana kallon tankin. Sannan ta miƙe ta ce, “Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri.”

Inna ta ce, “Amin. Ai ɗa na kowa ne.”

Da muka shiga ɗakinta na tura ƙofa na ce, “Ba za a iya raba su ba?”

Ta zauna a bakin gado. “Da me? Tsutsa ba ta da tambari. Kamarsu ɗaya, uwarsu ɗaya. Kuma lokacin haihuwarsu ne, yanzu haka sun gauraya.”

“Ki sa musu gubar mana. Wanda ya yi nawa ai kin san na dama ne.”

“Abin da nake son in tabbatar ke nan. Ba zan ɗauki amsa in yi shaida da ita ba.”

“To a sake daga farko.”

Ta yi wani yaƙe. “A wane ɗaki, da waɗanne shekaru?”

Na ce zan je in faɗa wa Inna abin da ta aikata, ko ba komai ta sani. Yaya ta ɗago kai, kuma a rayuwata ranar ce kaɗai ta yi min magana da kaushi. Ta ce in Inna ta ji wannan maganar daga bakina, ko daga bakin Auta, to babu ni babu ita. Ta ce tsohuwa ta sunkuya da ciwon baya ta tsamo marayu daga ƙazanta, kuma haka za ta ci gaba da sani har ta koma ga Allah. Ta ce laifin nata ne da ba ta yi bayani ba. Likita ya hana ta kuka saboda ɗinkin idon, don haka ko kukan ba ta samu ta yi ba. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Haushi ya rasa inda zai sauka. Na ga in na tsaya a kan Inna da Auta na bar jaki ina dukan taiki, sai washegari na rufe shago na nufi cibiyar. Aka ce shugaba yana da baƙi, na ce ni ma baƙuwa ce. Aka zaunar da ni a ɗakin saukar baƙin, kan kujera mai laushi, daidai inda tankunan Yaya suke a da. Sanyin na'ura yana kaɗawa, ga teku ta taga, ga hotunan kifaye a bango. Da ya fito na miƙe na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce da ya bar mata kusurwa ɗaya a wannan ginin, da aikin yana hannun waɗanda suka san shi, da ba a kai shi ɗakin katifu ba. Na ce ya sayar da shekarun mace da labule. Ya saurare ni har na gama, da ladabinsa, ya ce a kawo min ruwa. Sannan ya ce, “Yi haƙuri, Hajiya, waɗanne tsutsotsi ke nan?”

Da gaske yake, ya manta. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Yaya ta yi ritaya a kan lokacinta. Aka yi ɗan taro, aka ba ta agogon bango, shugaban ya yaba da haƙurinta. Ta rubuta wa abokiyarta cewa ba sai ta ajiye mata ɗakin ba. Rigar da na ɗinka mata tana cikin akwati da guga a jikinta. Idonta yanzu garau, tana iya zura min zare a allura in na kasa.

Na ɗauka za ta kwashe tsutsotsin ta mayar bakin ruwa a huta. Ba ta yi ba, don Inna ta ɗauke su nata. Kowace safiya bayan ta karya sai ta dogara sandarta ta shiga ɗakin baya, ta ƙwanƙwasa gilashi ta gaishe su. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin rariyar shayi, Yaya tana zuba ruwa a kofi tana cewa haka aka yi. Saboda haka har yau Yaya tana ɗaukar jarka ta tafi bakin teku, tana sauya musu ruwa, tana gyara injin iska in ya tsaya, tana kiwon tankin da ba zai taɓa gaya mata komai ba. In na gan ta tana jan jarkar nan a kan titi sai in ji kamar in fasa gilashin da guduma.

Shekaranjiya na je gidan da safe na same su su biyu a ɗakin. Inna tana zaune a kan kujera, Yaya tana barbaɗa abinci.

Inna ta ce, “Sun yi ƙiba, kin gani. Yanzu ba ka gane maraya daga ɗan gata.”

Yaya ta ce, “Ba ka ganewa, Inna.”

“To wai aikin nan naki yaushe zai kammala? Ina so in ga ƙarshensa kafin in tafi.”

Yaya ta dube ni ta saman kan Inna, ta rufe gwangwanin abincin, ta ce, “Ya kusa, Inna.”